Miyar Gumbo Ba Marainiya Ba Ce

Duk shekara, da zarar Janairu ya kama, sai shafukan girke-girke su cika da darasi iri guda: yadda za ka yi walimar Mardi Gras a falonka. Ka sayo ƙyallaye masu launi uku, shunayya da kore da ruwan zinariya. Ka sayo sarƙoƙin roba ka rataya wa baƙinka a wuya. Ka sayo kwalbar yajin nan da aka rubuta wa "Kejun", ka barbaɗa a kaza, ka barbaɗa a kifi, ka barbaɗa a dankali. Ka kunna kiɗan jaz, ka tura ƙofa ka rufe. Shi ke nan, wai ka ɗauko birnin Niyu Olins ka kawo gida. Darasin ya iso wayoyinmu a Yawunde da Duwala da Garwa, kwalbar ma ta iso manyan kantuna, kuma 'ya'yanmu masu sha'awar girki sun fara gwadawa.

Muna da ja a kan wannan darasi, kuma jan namu ba na ƙyamar abincin baƙo ba ne. Bakin da ya saba da burodi da taliya ba shi da ta cewa a nan. Abin da ya dame mu shi ne, darasin ya ɗauki tukunyar da mutane suka yi shekara 300 suna hura mata wuta, ya kankare sunayensu daga jikinta, ya liƙa mata sunan da ya fi saurin shiga kasuwa, sannan ya sayar. Wanda ya taso a unguwar Hausawa a ƙasar da Hausawa ba su da rinjaye ya san wannan ciniki, domin an yi shi da kayan gidansu.

A fara da lokaci. Mardi Gras da Faransanci na nufin Talata mai kitse, kuma duk wanda ya zauna da maƙwabta 'yan Katolika ya san abin da ke biye da ita: Larabar Toka, ranar da azuminsu na kwana 40 yake kamawa kafin Ista. Kakar bikin tana buɗewa ranar 6 ga Janairu, tana rufewa da tsakar daren wannan Talata, wadda takan faɗo tsakanin 3 ga Fabrairu da 9 ga Maris gwargwadon yadda Ista ta zo. Asalin shagalin shi ne a cinye nama da kitse da ƙwan da ke gida kafin a shiga kame baki. Ƙoshin Talata daga yunwar Laraba yake samun ma'anarsa. Har yau a Niyu Olins, sha biyun dare na bugawa 'yan sanda suke jerowa, wasu a kan dawakai, su ratsa titin Bourbon suna shelar cewa biki ya ƙare. Mai darasin falo ba ya ambaton Larabar. Sallah yake sayarwa ba tare da azumi ba, kuma mu da muka san abin da kurɓin ruwan farko yake yi wa maƙogwaro bayan faɗuwar rana, mun san abin da ya zubar.

Sai sunan da ke jikin kwalba. Su wane ne Kejun? Zuriyar manoma ne masu jin Faransanci da suka zauna a yankin Akadiya, gabashin Kanada ta yau. A 1755 Turawan Ingila suka fara kwashe su da ƙarfin bindiga, aka ƙone gidaje, aka loda mutane a jiragen ruwa aka watsa su gaɓa-gaɓa, dubbai suka mutu. Waɗanda suka tsira sun fara isa Luwiziyana wajen 1764. A 1785 jirage bakwai suka kawo kusan mutum 1,600 daga Faransa. Suka kutsa cikin fadamu da filayen kudancin ƙasar, suna noma, suna kamun kifi, suna farauta. Kalmar "Kejun" kanta lanƙwasa ce ta "Akadiyen", kuma ta daɗe tana zaman zagi, kamar a ce baƙauye jahili. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya mai da Ingilishi harshen koyarwa, aka yi shekaru ana hukunta yara a makaranta don sun yi maganar da suka sha a nono. Sai a 1968 jihar ta kafa hukumar CODOFIL don ceto Faransancin da ita da kanta ta shaƙe. Saboda haka babu wanda zai ji mun ɗaga murya a kan Kejun. Tsiraru ne da suka sha wuya, kuma mun gane fuskar.

To, ku dubi yadda waɗannan mutane suke yin nasu bikin, ku gwada shi da na falo. A garuruwa irin su Mamou da Eunice, tun da sassafe ranar Talata ayari yake tashi, wasu a kan dawakai wasu a ƙasa, sanye da tsummoki masu launi-launi da doguwar hula mai tsini, fuska a rufe da ragar waya. Kaftin ɗinsu, wanda fuskarsa a buɗe take, yakan yi gaba da farar tuta ya nemi izinin mai gida. In an yarda, sai su kwararo cikin fili, su yi waƙa, su yi rawa, su yi bara: shinkafa, albasa, mai, 'yan kuɗi. Babbar sadaka ita ce kaza mai rai, wadda za a cilla sama, ƙarti su bi ta cikin taɓo suna faɗuwa suna tashi. Gida-gida haka har la'asar, sannan a haɗa abin da aka samu a tukunya, gari duka ya ci. Wanda ya yi tashe yana yaro ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ba mu ce ɗaya ya haifi ɗaya ba. Na Kejun daga karkarar Faransa ta da ya samo tushe. Amma hikimar guda ce: ƙarshen sanyi rumbu ya yi ƙasa, babu gidan da zai iya biki shi kaɗai, sai a sa wa roƙo rigar wasa don kada kowa ya ji kunya. Haka ma yankan alade na gayya da suke yi tun kafin zuwan firji, gidaje su haɗu a yanka a raba. Watanda ce da wata dabba. Abincin da aka gina a kan bin ƙofa-ƙofa shi ne mai darasi yake cewa ka rufe ƙofa ka ci da mutum takwas da ka zaɓa.

Yaya aka yi sunan zagi ya zama sunan kasuwa? Yawancin labarin yana komawa ga mutum guda, Paul Prudhomme, autan 'ya'ya 13 na wani manomi daga kusa da Opelousas, wanda ya buɗe gidan abincinsa na K-Paul's a Niyu Olins a 1979. Gwani ne, ba a ja. Shi ya fito da wani salon gasa kifi: a tsoma shi a man shanu, a turbuɗa shi a yaji, a ɗora a kaskon ƙarfe da ya yi zafi matuƙa har bayansa ya yi baƙi. Littafinsa na 1984 ya kai salon ko'ina a Amurka. Kwaɗayi ya kai ga masunta sun kusa ƙarar da jan kifin Mashigin Tekun Meziko da ake yin girkin da shi, har gwamnatin tarayya ta hana kamunsa don sayarwa a ruwanta kafin shekarun 1980 su ƙare. Kakannin Kejun ba su san wannan ƙonannen kifi ba. Girkinsu na tukunya guda ne, mai dogon dahuwa, mai albasa da haƙuri, yajinsa daidai harshe. Amma kasuwa ta ji kalma gajera mai daɗin faɗa, ta cafke. Daga nan duk abin da aka zuba wa jan barkono ya zama "Kejun", har soyayyen dankalin leda. An cuci Kejun da wannan, an mai da al'umma ɗanɗano. Wasu kuma an cuce su fiye da haka.

Domin Niyu Olins, birnin da ake cewa ka kawo falonka, ba garin Kejun ba ne. Garin Kiriyol ne. An kafa shi a 1718, kusan rabin ƙarni kafin 'yan Akadiya su taka Luwiziyana. A farko kalmar Kiriyol na nufin wanda aka haifa a can ƙarƙashin Faransa ko Sifen, fari ko baƙi ko ruwa biyu, ɗa ko bawa. Shekara guda bayan kafa birnin, a 1719, jiragen bayi na farko suka iso daga Wida, a Jamhuriyar Benin ta yau. Masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall, a littafinta na 1992 kan 'yan Afirka a Luwiziyana ta zamanin mulkin mallaka, ta nuna cewa an umarci matuƙan jiragen su sayo irin shinkafa tare da bayin da suka iya noma ta. Ta kuma nuna cewa cikin kusan mutum 6,000 da Faransawa suka kawo, kashi biyu bisa uku daga yankin kogunan Senegal da Gambiya aka kwaso su, ƙasar da ta san shinkafa tun kafin ta ga Bature. Da ilimin waɗannan mutane aka fara shuka shinkafar da ke ƙarƙashin miyar Luwiziyana, kuma ba a biya su ba.

Ku ɗauki miyar gumbo kanta, wadda majalisar jihar ta ayyana a matsayin abincin Luwiziyana a 2004. Ku shiga kasuwar Mokolo ku ce a ba ku gombo, ku ga abin da za a miƙo muku: kuɓewa. Kalmar daga harsunan yankin Kwango da Angola ta fito, ta shiga Faransanci, ta zauna. Hanya ta biyu ta ɗaure miyar ita ce wani koren gari da ake kira filé, busasshen ganyen bishiyar sasafaras da mutanen Choctaw, 'yan asalin ƙasar, suke dakawa su kawo kasuwa. Busasshen ganye, a daka, a tankaɗe, a kaɗa a miya ta yi kauri: matar da ta taɓa kaɗa kuka za ta gane wannan aiki ido rufe, haka ma mutanen da aka raba da ƙasar kuka. Hanya ta uku ce ta Faransa, wato soya fulawa a mai har ta yi duhu. Uku ke nan, biyu ba na Turai ba ne. Haka jambalaya, shinkafa da nama da kayan miya a tukunya guda. Ta birni ja ce saboda tumatir, ta karkara ruwan ƙasa. Ana yawan cewa 'yar wani girkin Sifen ce, ana mantawa da cewa waɗanda ke tsaye a gaban murhu daga ƙasar dafa-duka suka fito. Ranar Litinin kuwa, ranar wanki, shinkafa da jan wake birnin ya saba ci, domin wake na iya dahuwa shi kaɗai yayin da hannu ke cikin kumfa. Wa ke wankin? Ita ce mai waken.

Akwai wani abinci da ba ya fitowa a darasin falo, kuma shi ya fi taɓa mu. Sunansa calas. Ragowar dafaffiyar shinkafa ce ake kwaɓawa da fulawa da ƙwai da sukari, a bari ta tashi, a soya dunƙule-dunƙule. Mata baƙar fata ne suke ɗora shi a kwando a ka, su bi tituna, su tsaya a bakin babbar majami'ar St. Louis da safiyar Lahadi suna talla. Lahadi ita ce ranar da dokar bayi ta Faransa ta 1724 ta hana a sa bawa aiki, kuma a zamanin mulkin Sifen doka ta ba bawa damar ya fanshi kansa. Da kuɗin irin wannan talla wasu mata suka fanshi kansu da 'ya'yansu. Ku tsaya ku auna: mai tallar waina tana tara sisi-sisi don ta sayi kanta. Calas ya ɓace daga tituna a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya saura a gidajen baƙar fata 'yan Katolika, inda ake soya shi da safiyar Mardi Gras. In akwai abincin da ya cancanci teburi a wannan rana, to shi ne. Amma ba ya shiga kwalba, ba shi da tambari.

Kankare suna ba yau aka fara ba. A 1900 jaridar Picayune ta Niyu Olins ta buga shahararren littafinta na girkin Kiriyol, kuma gabatarwarsa ta faɗi dalili ƙarara: tsofaffin kuku mata baƙar fata suna ƙarewa, dole matan gidan su koya kafin ilimin ya bi masu shi kabari. An kwashi ilimin, ba a rubuta sunan masu shi a bangon littafin ba. Sai a 1939 Lena Richard, baƙar mace mai sana'ar girki, ta buga nata littafin da sunanta, kuma a 1949 tana da shirin girki a talabijin ɗin birnin, a zamanin da wariya ba ta yarda ta zauna teburi ɗaya da masu kallonta farare a gidan abinci ba. Leah Chase, wadda ta rasu a 2019 tana da shekara 96, ta ciyar da masu fafutukar 'yancin baƙar fata a benen gidan abincin Dooky Chase lokacin da haɗuwar fari da baƙi a teburi laifi ne. Ambaliyar Katrina ta 2005 ta mamaye gidan. Ta zauna a ɗan gidan tafi-da-gidanka na agajin gwamnati kusa da shi, tana da shekara sama da 80, har aka sake buɗewa a 2007. A 2008 Barack Obama, yana neman shugabanci, ya ɗauki kwalbar ruwan barkono zai zuba a gumbonta, ta tsawata masa nan take. Ta san miyar da aka yi sa'o'i ana tattali ba ta bukatar agajin kwalba. Abin da ta hana ɗan takarar shugaban ƙasa, shi ake koya wa 'ya'yanmu a matsayin sirrin girkin.

A karkara ma haka ta faru, da sa hannun hukuma. A 1971 majalisar jihar ta raɗa wa gundumomi 22 na kudu suna Akadiyana. A yau babban zauren wasanni na Lafayette da 'yan wasan jami'ar garin da allunan bakin hanya duk sunan Kejun suke ɗauke da shi. Alhali a waɗannan gundumomi akwai Kiriyol baƙar fata da kakanninsu suka noma raken, masu nasu harshen da ake kira Kuri-Vini, wanda masu jinsa yau ba su kai 10,000 ba, masu nasu kiɗan zaidiko da Clifton Chenier ya kai duniya. Sun yi ƙorafi, sun kafa ƙungiyoyi a shekarun 1980 don a daina kiran su da sunan maƙwabtansu. Ɗan yawon buɗe ido bai ji ba.

Launuka ukun nan da ake cewa ka lulluɓe falonka da su, su ma suna da iyaye. Ƙungiyar Rex ce ta zaɓe su a 1872, ƙungiyar attajirai farare, ƙanwar Comus da ta fara jerin gwano a 1857. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun yi fiye da ƙarni ƙofarsu a rufe ga baƙar fata. A 1909 wasu leburori baƙar fata suka fito da nasu sarkin, da gwangwanin kitse a ka a matsayin kambi, da itacen ayaba a hannu a matsayin sandar mulki, shaguɓe ga Rex. Wannan ce ta zama ƙungiyar Zulu, wadda Louis Armstrong ya yi wa sarki a 1949. (Shigarsu ta bujen ciyawa da baƙin fenti a fuska takan sa ɗan Afirka ya tsuke baki, kuma su ma can suna gardama a kai, zancen wata rana ne.) A unguwannin talakawa kuma akwai waɗanda ake kira Indiyawan Mardi Gras, baƙar fata masu kwashe shekara cur suna ɗinka riga da duwatsun ado da gashin tsuntsu da hannunsu, su sa ta 'yan kwanaki, su fara wata. A 1991 'yar majalisar birni Dorothy Mae Taylor ta kawo dokar cewa ƙungiyar da ke nuna wariya ba za ta samu izinin jerin gwano a titin jama'a ba. Comus ta gwammace ta daina fitowa, kuma har yau ba ta dawo titi ba. Fage ne wannan biki, inda ake kokawa a kan wa ke da titi, wa ke da gari.

Sarƙoƙin roba kuwa, yawancinsu a masana'antun Sin ake yin su, a jefa su daga kan motocin ado, a tattake. A farkon 2018 hukumar birnin ta ce ta zaƙulo fam 93,000 nasu, sama da tan 40, daga magudanan ruwa na wani ɗan yanki na titin St. Charles, a birnin da kusan rabinsa yana ƙasa da matakin teku. Wannan ɓangaren bikin ne ya fi sauƙin shiga kwali, shi ya sa shi ake turo mana. Abin da ba ya shiga kwali an gan shi a 2021, lokacin da korona ta hana jerin gwano. Mutanen birnin sun zauna a gida kamar kowa, amma gaban gidajensu suka ƙawata kamar motocin ado, dubban gidaje, suna fuskantar titi don mai wucewa ya gani.

Yanzu mu dawo unguwa. Naman da Yawunde ke zuwa Briqueterie ci da dare, wanda ake kira soya, kowa a nan ya san hannun da ke juya shi. Amma ku bi shi zuwa teburin babban otal, ko zuwa kwalbar yajin da ake sayarwa a Turai: can ya zama ɗanɗanon Afirka ta Yamma, babu mahauci, babu mai ƙuli-ƙuli, babu Bahaushe. A Gana waakye ya zama abincin ƙasa, kuma ba kowane mai layin saye ne ya san cewa kalmar wake tamu yake furtawa ba. A Sudan agashe haka. Ba ma baƙin ciki da yaɗuwar. Abin alfahari ne a ci naka. Abin lura shi ne inda riba take tsayawa da inda suna yake faɗuwa. Mai tsire yana nan a bakin titi cikin hayaƙi, ma'aikatan magajin gari na iya tashinsa kowace rana. Wanda ya zuba yajinsa a kwalba yana da tambari da lauya. Mu da aka yi wa haka bai kamata mu zama 'yan taya ba in an zo yi wa wani.

Sai dai akwai wata zamewa da muke gani a cikinmu, gara mu tare ta tun yanzu. Da zarar wani ya ji labarin kuɓewa da kuka da waina, sai ya bugi ƙirji: ai miyarmu ce suka sace. A'a. Sunan na mutanen Kwango da Angola ne, shinkafar ta mutanen kogin Senegal ce, garin ganyen na Choctaw, soyayyar fulawar ta Faransa, miyar kanta kuma ta waɗanda suka haɗa su ce a can, cikin bauta da gudun hijira, da abin da hannu ya samu. Gaskiya ne Hausawa suna cikin takardun. A rumbun bayanan da Hall ta tattara daga takardun gado da na ciniki na Luwiziyana, mai ɗauke da bayanan bayi sama da 100,000, sunan Hausa yana cikin ƙabilun da ake ambata. Ba su da yawa, kuma mafi yawansu maza ne. Yawancin Hausawan da aka tsallakar Bahiya ta Birazil aka kai su, inda suka fara shirya bore tun 1807. Tambayar da mai bugun ƙirji ba ya so ita ce: ta wace hanya suka isa bakin teku? Yaƙe-yaƙen ƙasashenmu ne suka kama su, kuma ayarin fataken da ke zuwa Salaga sayen goro ba fata da kanwa kaɗai yake kaiwa ba. Muna da dangi a wannan labari ta ɓangare biyu, wanda aka sayar da wanda ya karɓi kuɗi. Wannan ya isa ya sa mu shiga maganar da ladabi.

Za a ce mana abinci ba shi da fasfo, kowa ya ara. Mun yarda, har mu ƙara da hujja. Barkonon da ke yajinmu, da gyaɗar ƙuli-ƙulinmu, da tumatir da masara da rogo, duk daga nahiyar Amurka suka zo, ta tekun da ya tafi da mutane. Amma aro daban, shafe suna daban. Wanda ya ari tabarma ya san gidan da zai gaisar. Za a kuma ce, daga wani ɓangaren, me ya haɗa mu da bikin da aka sani da giya da tsiran alade? Bikin na masu shi ne, babu wanda ya ce ka ɗauki abin da ba naka ba. Tukunyar kuwa ta fi alade faɗi. Akwai gumbon kaza, akwai na ƙaguwa da jatan lande, akwai na ganye da asalinsa na kwanakin azuminsu ne. Ƙamshin hayaƙin da suke nema a tsiran alade, mu muna da shi a banda tun kaka da kakanni.

Saboda haka wanda ya yi niyyar dafawa, ya dafa, amma ya ajiye kwalbar. Ya auna fulawa da mai daidai wa daida a tukunyar ƙarfe mai nauyi, ya rage wuta, ya tsaya yana juyawa ba ɗaga hannu, minti 40 ko fiye, tana tashi daga fari zuwa launin tunkuza zuwa launin cakulan. In ya ga baƙin ɗigo, ta ƙone, sai zubarwa a sake. Sannan albasa da koren tattasai da seleri, sannan romo, sannan kaza da banda da kuɓewa, a bar ta a ƙaramar wuta har mai ya taso. In baƙo ya tambayi sunan miyar, a ba shi amsa cikakkiya, da Kwango da Senegal da Choctaw da Akadiya a ciki, da sunan Lena Richard ko Leah Chase. Kuma a ɗora tukunya babba, wadda ta fi ƙarfin mutanen falo, yadda dole yara su fita da kwanuka zuwa maƙwabta, har gidan da gobe za su dawo daga majami'a da toka a goshi.

Kek ɗin sarki ma, zoben burodin nan mai zaƙi da ake yayyafa wa sukari mai launi uku, darasin falo yana nuna shi kamar wasan yara: an ɓoye 'yar tsana ƙarama a ciki, wanda ya same ta ya yi sa'a. A Niyu Olins sa'ar tana tafe da bashi. Wanda 'yar tsanar ta faɗo a rabonsa shi zai sayo kek na gaba ko ya karɓi taro na gaba, a ofis ko a makaranta ko a unguwa, haka zoben zai yi ta zagayawa daga 6 ga Janairu har daren Talata, kamar zubin adashi. Masu riƙo da al'adar ba sa cin sa kafin ranar buɗewa, ba sa cin sa bayan ranar rufewa. Wanda ya ciro 'yar tsana daga bakinsa a ranar ƙarshe, bashin yana jiran sa har Janairu mai zuwa.